Abin da ya raba ƙafar talaka da takalmin fata

A Kasuwar Magani da ke ƙaramar hukumar Kajuru, ko a kasuwar Kafanchan, takalmin da ya fi yawa a rumfuna da ƙafafun mutane shi ne silifas mai taushi, mara nauyi, wanda ruwa ba ya yi wa komai. Yawancin irinsa da robar da ake kira EVA ake yin sa, wato haɗin iskar itilin da sinadarin binil asitet. Ana yawan ɗora laifin faɗuwar takalmin fata a kan son kayan waje, ko a ce dukawa ne suka ƙi tafiya da zamani. Ni ban yarda da wannan ba. Tsadar aiki ce ta kayar da baduku, kuma an yanke hukuncin ne a masana'antun Ingila da Jamus da Amurka, inda aka shafe shekaru ana rage kuɗin yin kowane kilo na roba.

Sana'ar da aka ture ba ƙarama ba ce. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya sa takalma a jerin manyan kayan da birnin ke fitarwa bayan tufafi, ya ƙiyasta cinikinsu da wuri miliyan 10 a shekara. Amma kowane takalmi yana cin kwanaki: majemi ya jiƙa fata, ya kankare gashi, ya jeme ta da bagaruwa, sannan baduku ya yanka ya ɗinka da hannu. Komai gwanintar majemi, ba zai iya gajarta jima ba. Ga shi kuma fata ba ta shiri da ruwa, kudancin Kaduna kuwa damina tana daɗewa. Shi ya sa ko bayan layin dogo ya ratsa Kafanchan a 1927, kaya suka riƙa shigowa daga kudu da arewa, manomi ya ci gaba da shiga gona ba takalmi, ko ya sa na tsohuwar tayar mota.

A 1933 masanan kamfanin ICI a Ingila suka gano cewa idan aka matse itilin da ƙarfi ƙwarai yana daskarewa ya zama roba, kuma a 1960 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da EVA kasuwa da sunan Elvax. Daga nan sauƙin ya zo hawa-hawa. Da farko daga iskar asitilin mai tsada ake samun binil asitet. A shekarun 1960 kamfanonin Jamus, Bayer da Hoechst, suka kafa hanyar yin sa daga itilin ɗin kansa da taimakon ƙarfen faladiyom, sai ya zama duka sinadaran biyu daga man fetur ko gas suke fitowa. Haɗa su yana bukatar matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 1,500 zuwa 3,000. A tsohuwar tukunya mai dama kaya, kusan kashi 20 cikin 100 na iskar ke zama roba a zagaye ɗaya. A dogon bututun da aka inganta daga baya, wanda tsawonsa kan wuce kilomita, ana haura kashi 30, a mayar da ragowar iskar ciki, zafin da aikin ke fitarwa kuma a kama shi a yi tururi. Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar ƙafarmu. A da ana gasa faffaɗan soso ne a yanke tafin takalmi daga jikinsa, gefe-gefen ya zama asara. Yanzu ana narka ƙwayoyin roba a tura su cikin mazubi, a buɗe, takalmi ya kumbura ya fito cikakke cikin mintuna, ba ɗinki ba gam.

Wani zai ce ai kayan Sin da fasa-ƙwauri ne suka kashe kasuwa, kimiyya ba ruwanta. Akwai gaskiya a ciki, domin wutar lantarki da bashin banki sun fi sauƙi a can. Sai dai ko an rufe iyaka gam, injin da ke unguwannin masana'antu na Kano irin su Sharaɗa da Bompai zai yi wa baduku abin da injin Sin ya yi masa, tunda hannu ba ya tsere da mazubi. Wani kuma zai ce silifas ba ya ƙarko, kuma ya cika magudanan ruwa da shara. Batun shara gaskiya ne mai ɗaci, domin soson EVA da aka gasa ba ya sake narkewa yadda leda ke yi. Amma mai kukan ƙarko yana kwatanta silifas da takalmin fatar da talaka bai taɓa mallaka ba. Yaron da ke tafiya makaranta a Kufana ko Idon, tsakanin silifas da ƙafa tsirara yake zaɓi, tare da ƙaya da kunama da tsutsar da ke shiga jiki ta tafin ƙafa.

Abin da ya fi damuna yana kan hanyar Kachia, kafin a kai Kujama. Nan matatar man Kaduna take tun 1980, aka ƙara mata sashen sinadarai a 1988, amma sinadarin omo aka tsara ya yi, ba itilin ba. Masana'antar Eleme ta jihar Ribas, wadda kamfanin Indorama ya karɓa a 2006, tana yin itilin, tana fitar da robar leda da ta buhu, amma ƙwayoyin EVA sai an shigo da su ta jirgin ruwa daga ƙasashe irin su Koriya ta Kudu da Sin da Saudiyya. Duk matakan da suka karya farashi a hannun wasu suke, namu shi ne zubi da talla. Saboda haka duk ranar da Naira ta faɗi, farashin silifas a Kasuwar Magani sai ya tashi, alhali ɗanyen man da gas ɗin da ake bukata a ƙasar nan ake haƙo su.