Asalin Kalmar Tuba

Daga Larabci Hausa ta aro kalmar tuba, asalinta tauba, wato komowa. A bakinmu ta faɗaɗa: yaro ya ga bulala ya ce na tuba, haka ma wanda aka ci da yaƙi, irin sunkuyawar Damagaram ga Faransawa bayan faɗan Tirmini a 1899. Har tuban muzuru muna da shi, kaza a baki. Kiristocin Damagaram, inda mishan SIM ta sauka a 1924, idan sun ce tuba, komowar zuciya suke nufi, wadda Allah ke aikatawa ta bangaskiya ga Almasihu, ba ƙoƙarin mutum ba. Wani zai ce wannan ƙofar lalaci ce. A'a, aikin kirki wajibi ne, amma bayan tuba yake zuwa.