Babban Ciki ko Ƙaramin Ciki: Tarihin Girman Jita Daga Sifen Zuwa Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Duk matashin da ya taso daga Kujama, ko Kachia, ko Kafanchan, ya shiga birnin Kaduna da 'yan kuɗin da ƙungiyar mawaƙan majami'arsu ta tara, ko waɗanda ya samu da guminsa bayan kaka, domin ya sayi jita, akwai tambayar da ke jiransa a bakin kanti: babba zai ɗauka ko ƙarama? Galibi idonsa kan faɗa kan babba, domin ita ya saba gani a hannun mawaƙa, kuma a ganinsa tun da kuɗi za a kashe, gara a sayi abin da ya cika ido. Jitar da ake magana a kanta a nan ita ce wadda ba a jona ta da lantarki, wato wadda cikinta na katako ke fitar da amo. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda cikin jita ya girma, da dalilin girmansa, domin mai saye ya san abin da yake zaɓa kafin kuɗinsa su bar hannunsa.

Abin da Bahaushe ya riga ya sani

Tun kafin jita ta iso ƙasar nan, makaɗan Hausa sun san cewa girman ƙoƙo shi ke yanke irin muryar abin kiɗa. Akwai garaya, akwai kuma babbar garaya da ake kira komo, wadda amonta ya fi kauri. Akwai goge mai faffaɗan ƙoƙo, akwai kuma ƙanwarsa kukuma, mai siririyar murya, wadda Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam suka shahara da ita. Ƙarami a cikinsu duka shi ne kuntigi, mai tsirkiya ɗaya, wanda ake yi da ɗan gwangwani a rufe shi da fata. Da wannan ɗan abu ne Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015, ya zagaya ƙasashen duniya.

Hikimar a fili take. Idan aka taɓa tsirkiya, fatar da ke kan ƙoƙo ce ke karkarwa, iskar da ke ciki kuma ta amsa. Ƙoƙo mai faɗi da zurfi yana ɗauke da iska mai yawa, saboda haka amonsa kan yi kauri ya cika wuri. Ƙaramin ƙoƙo kuwa amonsa siriri ne, mai fita tar, ba ya danne muryar mawaƙi. Wannan ka'ida ita ce dai ke aiki a cikin jita, illa kawai allon katako ne ya maye gurbin fata.

Yadda cikin jita ya girma

Jitar da Turawa suka sani a farkon ƙarni na 19 'yar ƙarama ce, mai tsirkiyar hanjin dabba, wadda ake kaɗawa a cikin falo ga 'yan mutane kaɗan. Wanda ya fara sauya mata fasali shi ne wani maƙerin jita ɗan Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. Ya faɗaɗa cikinta, ya rage kaurin allon gaba, ya tallafe shi ta ciki da siraran itatuwa. A 1862 har ya ƙera wata jita wadda bayanta da gefenta na manna takarda ne, domin ya nuna cewa allon gaba ne ke yin yawancin aikin.

A Amurka kuwa, kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833, ya daɗe yana ƙera ƙananan jitoci. Amma da aka shiga ƙarni na 20, kiɗa ya fita daga falo ya koma manyan zauruka da dandalin rawa, inda jita ke zama tare da goge irin na Turawa da kuma banjo. Shi wannan banjo jikan kayan kiɗan ƙoƙo ne da bayi 'yan Afirka ta Yamma suka tsallaka da iliminsu, dangin gurmi da molo, kuma ƙararsa kan shanye muryar jita gaba ɗaya. Sai maƙera suka nemi mafita ta hanya biyu: tsirkiyar ƙarfe, da kuma babban ciki. A 1916 Martin ya ƙera wa kamfanin Ditson wata ƙatuwar jita, wadda daga baya aka laƙaba wa suna Dreadnought, sunan wani jibgegen jirgin ruwan yaƙi na Ingila da aka ƙaddamar a 1906. Da fari ba ta sami kasuwa sosai ba, sai daga 1931 da Martin ya fitar da ita da sunansa. Faɗin cikinta ya ɗara inci 15 da rabi. Kafin ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Gibson ya fito da wadda ta fi ta, mai faɗin inci 17. Mawaƙan karkarar Amurka suka rungume su, har ya zama idan aka ce jita, wannan siffa ce ke faɗo wa mutum a rai.

Ke nan babban ciki amsa ce ga wata matsala ta wani zamani, wato yadda za a ji jita a cikin taro alhali babu lasifika.

Isowarta kudancin Kaduna

Jita ta fara yaɗuwa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma ne ta hannun ma'aikatan jiragen ruwa, musamman Kuru na ƙasar Laberiya, waɗanda ke yawo tsakanin Saliyo da Ghana da Ikko. Abin da matuƙin jirgi ke buƙata shi ne abin kiɗa mai sauƙin ɗauka, kuma salon da suka yaɗa na tsinkar tsirkiya da yatsu ne a cikin ɗan taron hira da yamma. Daga wannan salo ne kiɗan jita na hailaif ya samo tushe.

Daga gaɓar teku, layin dogo ne ya buɗe hanya zuwa Arewa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sannan layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta Kafanchan ya haɗe da Kaduna, kuma a 1927 aka miƙa reshe daga Kafanchan zuwa Jos. Wannan ya mai da Kafanchan mahaɗa, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu suka zauna a cikinta da iyalansu, da garmahonsu, da kaɗe-kaɗensu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, mishan na SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya a Kagoro, kuma daga aikinta ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Waƙoƙin ibada a wannan yanki da Hausa ake yin yawancinsu, saboda ita ce harshen da ya haɗa Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi da sauran al'ummu. Da tafiya ta yi nisa, ƙungiyoyin matasa suka shigar da jita cikin waɗannan waƙoƙi.

Abin da ya ƙara kafa babbar jita a zukatan mutane shi ne rediyo da faifai da kaset. Waƙoƙin Jim Reeves da Don Williams sun sami karɓuwa ƙwarai a wannan yanki, haka nan mawaƙan gida irin su Bongos Ikwue, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, da Panam Percy Paul, sun sa matasa da yawa sha'awar riƙe jita. Da salon karkarar Amurka ya shigo, siffar jitarsa ma ta biyo shi.

Dawowar ƙarama

Sai dai kuma tun cikin shekarun 1930 aka fara haɗa jita da lantarki, kuma sannu a hankali makirufo da lasifika suka ɗauke wa katako nauyin ƙara. Da haka dalilin da ya haifi babban ciki ya raunana. A 1996 kamfanin Taylor ya fitar da wata 'yar ƙaramar jita da ta sami kasuwa, wasu kamfanoni suka bi sahu. A 2015, shekarar da Ɗan Maraya ya rasu, mawaƙin Ingila Ed Sheeran ya cika filin wasa na Wembley dare uku a jere, shi kaɗai da ƙaramar jita a hannu. Abin da kuntigi ya daɗe da nunawa ke nan: idan akwai makirufo, ƙaramin goro ya fi babban dutse.

To me ya kamata matashinmu ya duba?

Na farko, ina za a kaɗa ta? Idan taron fili ne, ko majami'ar ƙauye inda wuta ba ta da tabbas, kuma mutum talatin za su rera da ganga da kacau-kacau, to babbar jita na nan da amfaninta, domin matsalar da aka ƙera ta dominta ba ta gushe a wurinmu ba. Idan kuwa ɗaki ne, ko wurin ɗaukar murya, ko dandalin da ke da lasifika, ƙarama ta wadatar, har ma amonta ya fi fita sarai.

Na biyu, wa zai riƙe ta? Yaro ɗan shekara goma sha biyu, ko budurwa mai gajeren hannu, idan aka ɗora musu jita mai faɗin inci 17, kafaɗa za ta gaji kafin yatsu su koyi komai, daga nan sai a rataye ta a bango ta zama ado. Kuɗi sun tafi, sha'awa ta mutu.

Na uku, yanayin ƙasarmu. Maƙera jita suna son danshin iska ya kasance wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali da hunturu yakan faɗi ƙasa da haka nesa. Katako kan bushe ya tsuke, allon gaba ya tsage. Jitar da aka yi da siraran alluna da aka manne hawa-hawa ta fi ta tsantsar katako jure wannan, ko da yake ba ta kai ta daɗin amo ba. Kowace aka saya, a riƙa ajiye ta cikin jakarta, nesa da rana da bakin murhu.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa girman jita ya bi buƙatar wuri da zamani ne: ƙarama a falon Turawa da jirgin ruwan Kuru, babba a zaurukan Amurka kafin lasifika, sannan ƙarama ta sake dawowa bayan lantarki ya wadata. Makaɗan Hausa da suka ware goge da kukuma, suka ware komo da kuntigi, sun riga kowa gane wannan. Saboda haka matashin Kujama da ke tsaye a bakin kanti, kafin ya taya, ya zauna ya rungumi kowace, ya kaɗa, ya saurara, ya kuma tuna da wurin da zai kai ta da mutanen da za su rera tare da shi. Masu iya magana dai sun ce, daidai ruwa daidai tsaki.