Takardar roƙo a kotun Ghana: yadda ake shirya ta da yadda ake shigar da ita

Shari'ar fili ko ta gado kan ɗauki shekaru, amma akwai abin da ba ya jiran ranar hukunci. Misali, mutum a zangon Yendi ya kai ƙara kan fili, abokin shari'arsa kuma ya ci gaba da zuba bulo. Ko kuma an tsare wani a Bawku, iyalinsa na neman beli. Hanyar neman umarnin alƙali a irin wannan hali ita ce takardar roƙo, wadda lauyoyi ke kira moshin. Ba ita ce ƙarar ba, buƙata ce da ake gabatarwa a cikin ƙarar.

A Babbar Kotu, kamar ta Tamale ko ta Bolgatanga, dokokin da ake bi su ne na shekarar 2004 da aka fi sani da C.I. 47: Oda ta 19 ta yi bayani kan roƙo, ta 20 kan takardar rantsuwa. Kotun gunduma, irin wadda mutanen Salaga da Nalerigu suka fi zuwa, tana da nata dokokin na 2009, wato C.I. 59. Kafin komai a tabbatar kotun tana da hurumi. Tun 2020 kotun gunduma na sauraron da'awar kuɗi har sidi 500,000, kotun sakit kuma har sidi miliyan 2. Rikicin sarauta kuwa ba a fara shi a waɗannan kotuna, kwamitocin shari'a na majalisun sarakuna ke duba shi bisa dokar sarauta ta 2008.

Takardar roƙon kanta gajera ce. Tana ɗauke da sunan kotu, lambar ƙara, sunayen masu shari'a, ainihin umarnin da ake nema, da ranar da za a saurara. A rubuta buƙatar dalla-dalla. "A hana wane gini a fili kaza har a gama shari'a" magana ce da alƙali zai iya zartarwa, "a yi mini adalci" kuwa ba ta nuna masa abin da zai rubuta ba.

Nauyin al'amarin yana kan takardar rantsuwar da ke rakiyarta, domin galibi alƙali ba ya kiran shaidu a kan roƙo, abin da aka rantse a kai yake karantawa. Mai rantsuwa yana magana da bakinsa, ya faɗi sunansa da mazauninsa da sana'arsa, ya jera abin da ya faru a sakin layi masu lamba. Abin da ya gani da idonsa daban, abin da aka faɗa masa daban. A roƙon tsakiyar shari'a an yarda ya kawo abin da ya ji, da sharaɗin ya ambaci inda ya samo shi da dalilin da ya sa ya gaskata. Rasit, takardar fili, hoton ginin, duk ana liƙa su a sa wa kowanne alama. Ana rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa, ba a gaban lauyan da ke tsaya wa mutum ba.

Nan ne jama'armu suka fi faɗawa cikin matsala. Harshen kotu Turanci ne, dattijo kuwa sau da yawa Hausa ko Dagbani ko Mampruli ko Kusal yake ji, karatunsa kuma na Larabci ne. Doka ta ce dole a karanta masa takardar, a fassara masa da harshen da yake ji, a kuma rubuta a ƙasanta cewa an yi hakan kuma ya fahimta kafin ya dangwala yatsa. Rashin wannan bayani ƙofa ce da lauyan ɗaya ɓangaren zai bi ya nemi a yi watsi da ita. Kada kunya ta hana mutum cewa a maimaita masa sakin layin da bai gane ba. Duk abin da ke ciki maganarsa ce, ko da wani ne ya buga ta. Rantsuwa kan ƙarya laifi ne a dokar laifuka ta 1960, a addini ma malamai sun lissafa ta cikin manyan zunubai, musamman in an ci dukiyar wani da ita.

Daga nan sai ofishin rajistara. A kai kwafi isassu, a biya kuɗin shigarwa a karɓi rasit, a buga hatimi da kwanan wata. Sai ma'aikacin kotu mai kai sammaci ya miƙa wa ɗaya ɓangaren nasa kwafin, ya kuma kawo shaidar cewa ya miƙa. A ƙarƙashin C.I. 47 sai an sami cikakkun kwanaki 3 tsakanin miƙawa da ranar sauraro, sai fa in kotu ta ba da izinin ragewa. In fayil ba shi da shaidar miƙawa, a mafi yawan lokuta ɗagewa za a yi, don haka wanda zai taso daga ƙauye gara ya bincika kafin ya kashe kuɗin mota. Wanda aka miƙa wa kuma yana da damar shigar da tasa takardar rantsuwar ta musu.

Akwai roƙon da ake yi ba tare da sanar da abokin shari'a ba, idan jinkiri zai jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa. Amma a Babbar Kotu umarnin dakatarwa da aka samu ta wannan hanya ba ya wuce kwanaki 10. Mai so ya ɗore sai ya sake shigar da roƙon tare da sanarwa.

Game da beli, tsarin mulki na 1992 ya ce a gabatar da wanda aka kama gaban kotu cikin awa 48. A 2016 kuma, a shari'ar da lauya Martin Kpebu ya shigar, Kotun Ƙoli ta soke sashen da ya hana beli kan wasu laifuka, saboda haka yanzu alƙali ke auna kowane roƙo. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa da dokar 2018, da takardunsa a hannu.