Tsaron ɗalibai a ɗakin haɗa kayan wasan kwaikwayo: Haɗurra da ƙa'idojin kariya

Kafin a ɗaga labule a kowane wasan kwaikwayo na dandamali, akwai aikin makonni da 'yan kallo ba sa gani: yankan katako, walda, shafa fenti, ɗinkin sutura da rataya fitilu. A jami'o'in da ke koyar da wannan fanni, irin su Jami'ar Ibadan, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano, ɗalibai ne ke yin mafi yawan wannan aiki da hannunsu, domin yana cikin darasi.

Ɗakin da ake wannan aiki shagon kafinta ne, kuma na mai walda da mai gyaran lantarki a lokaci guda. Bambancin kawai shi ne masu aikin cikinsa 'yan koyo ne, kuma sau da yawa suna aiki cikin gaggawa da gajiya saboda ranar wasa ta ƙarato.

Darussa daga tarihi

Yawancin ƙa'idojin tsaron gidajen wasa an kafa su ne bayan asarar rayuka. A ranar 30 ga Disamba, 1903, gobara ta tashi a gidan wasa na Iroquois da ke Chicago a Amurka, bayan tartsatsin wata fitila ya kama labule. Kimanin mutum 600 suka rasu, da yawansu a bakin ƙofofin da suka ƙi buɗuwa. Daga nan aka tsananta dokar cewa ƙofar fita ta riƙa buɗewa zuwa waje.

A Kano, gobarar sinimar El Duniya a 1951 ta ci rayuka 331. A watan Satumban 2005 kuwa, kyandir ɗin da aka kunna a cikin wasa ya kama kayan ado na takarda a cibiyar al'adu ta Beni Suef a Masar, inda mutum 46 suka rasu.

Ba wuta kaɗai ke kisa ba. A watan Nuwamban 2007 wani ɗalibin makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Yale ya rasu bayan manyan allunan katako sun rikito masa yayin da ake sauke kayan dandamali daga babbar mota.

Inda haɗari yake

Injinan yanka: Zarton lantarki ba ya jiran mai kuskure. Ba a cire murfin da ke kare ruwan zarto, kuma ana tura ƙaramin katako da sanda, ba da yatsu ba. Babbar riga, mayafi da hijabi mai faɗi na iya naɗewa a jikin inji, don haka ake buƙatar suturar aiki wadda ta rufe jiki ba tare da ta yi lilo ba.

Aiki a sama: Ana jingina tsani ta yadda ƙafarsa za ta nisanci bango da mita 1 a kan kowane mita 4 na tsawo, wani kuma ya riƙe shi a ƙasa. Kowace fitila da aka rataya tana buƙatar wayar ƙarfe ta biyu da za ta tare ta idan maƙalarta ta kwance.

Lantarki: Ƙarfin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne. Fitila mai wat 1,000 tana jan amfiya sama da 4, saboda haka fitilu uku sun cika iyakar soket mai amfiya 13. Ƙarin ta huɗu zai sa waya ta yi zafi. Janareta kuma a waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ke kisa, wadda ba ta da wari.

Ƙura da sinadarai: Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansa. Fentin mai da sinadarin tsinka shi suna kama wuta cikin sauƙi, kuma shaƙarsu a rufaffen ɗaki na sa jiri.

Nauyin mai sa ido

Ginshiƙin tsaro shi ne malami ko ma'aikacin fasaha da ke kula da ɗakin. Ƙa'idar da aka fi bi a makarantu ita ce kada ɗalibi ya taɓa inji sai an koya masa, an ga ya iya, an kuma rubuta sunansa cikin waɗanda aka amince wa. Ba a barin ɗalibi ya yi aiki shi kaɗai, musamman da dare, kuma makullin injina yana hannun mai kula.

Ɗalibin aji na sama yana iya taimakawa, amma ba ya maye gurbin ma'aikaci. Kafin kowane sabon wasa ana zama a lissafa haɗurran da ke cikinsa, kamar wuta ta gaske, wuƙa ko hawa sama, a rubuta matakin da za a ɗauka kan kowanne. Inda fitilar batir za ta wadatar, babu dalilin kunna kyandir ko aci-balbal kusa da zana da yadi, balle a lokacin hunturu da komai ya bushe.

Idan haɗari ya auku

Wanda wuta ta ja ba a taɓa shi sai an kashe layin. Ba a watsa ruwa ga gobarar lantarki ko ta fenti. Tukunyar kashe gobara mai hoda ita ce ta dace. Ƙuna ana sanyaya ta da ruwa mai gudana na minti 20, ba a shafa mata manja ko man goge baki. Wanda ya faɗo daga sama ba a ɗaga shi da gaggawa, don gudun ƙara masa rauni a ƙashin baya. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Ana kuma rubuta kowane haɗari a littafi, har da wanda aka tsallake rijiya da baya, domin daga nan ake gane abin da ke buƙatar gyara.

Iyaye da ɗalibai suna da haƙƙin tambayar sashen da ya ɗauke su: wa ke kula da ɗakin aiki, yaushe aka duba wayoyi da tukwanen kashe gobara, kuma ƙofofin fita a buɗe suke a ranar wasa?