Daga Ƙwaryar Goro Zuwa Bokitin Roba: Tarihin Rabon Biki a Zangon Lome

Kafin a san bokiti mai hoton ango da amarya, goro ne abin da baƙo ke komawa gida da shi daga wurin biki. A Zangon Lome kuwa, wannan al'ada tana da tushe mai zurfi, domin fataucin goro yana cikin abubuwan da suka kai Hausawa wannan yanki.

Fatake daga Kano, Katsina da Sakkwato sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga. Da Turawan Ingila suka ci Asante a 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai 'yan kasuwa suka bazu, wasu Kete-Karachi, wasu bakin teku. Lome, wadda Jamusawa suka mayar hedkwatar Togo a 1897, ta samu rabonta, zangonta ya bunƙasa.

A irin wannan zaman baƙunta, goro ya wuce abin taunawa. Da shi ake gayyata, da shi ake sanar da ɗaurin aure ko suna. Ƙwarya guda goro ɗari ce, kuma yawan ƙoren da maigida ya raba shi ke nuna yawan jama'arsa. Wanda ya karɓa ya zama shaida, ya kuma ɗauki nauyin halarta. Bahaushe ba ya shagalin haihuwa tun jariri na ciki. Sai ranar suna ake yanka rago, a raba goro da nama. Mata kuma suna da nasu tsarin: gudummawar da aka kawo miki bashi ce, ranar bikin mai kawowa za ki mayar, har da ƙari. Masanin Faransa Michel Agier, wanda ya wallafa littafi kan fataken Zangon Lome a 1983, ya nuna yadda ciniki da zumunci suka sarƙe a unguwar.

A 1977 hukuma ta tashi tsohon zangon daga tsakiyar birni, aka mayar da mutanensa can arewa, nesa da babbar kasuwa. Gidaje sun rushe, amma zumunci bai rushe ba, domin duk inda dangi ya koma, goron gayyata yana iske shi.

Sannu a hankali kayan rabo suka sauya. Lome gari ne na atamfa, inda matan da ake kira Nana Benz suka yi suna, kuma tashar jirgin ruwanta tana sauke kwanuka da robobi masu araha. Yau ana raba kofuna, kalanda da jakunkuna masu sunan ma'aurata.

Sai dai akwai bambanci. Goro yana isa hannun kowa, malami da almajiri. Rabon zamani kuwa yakan zaɓi fuska, ya bar wasu hannu sake, ya bar uwar biki da bashi. Kakanninmu sun raba abu ƙarami don kada a manta da kowa. In mun raba babba muka tsallake maƙwabci, ba mu gaje su ba.