Yadda Agogon Zamani Ya Samu Gurbi a Wuyan Hannu

Tun a shekarun 1980 kamfanonin Japan irin su Seiko da Casio suke ta ƙoƙarin cusa kwamfuta a cikin agogo. An yi mai lissafi, an yi mai ajiye lambobin waya, amma maɓallan sun yi ƙanƙanta, har wasu kan latsa su da bakin biro. A 2004 Microsoft ta fito da agogon SPOT, mai karɓo labarai da hasashen yanayi ta zangon rediyon FM. Sai dai mai shi sai ya riƙa biyan kuɗi kafin labari ya iso masa, ga kuma wayar aljihunsa tana ƙara wayo kullum. A 2008 aka daina sayar da shi.

Wani ƙaramin kamfani mai suna Pebble ne ya nuna cewa akwai masu so. A 2012 ya nemi gudummawar jama'a a shafin intanet na Kickstarter, aka tara masa fiye da dala miliyan 10. Agogon ba shi da wani ƙyale-ƙyale, amma saƙo na shigowa waya za ka gan shi a hannunka, kuma cajinsa kan kai kusan mako guda.

Apple ma da ta shigo a 2015, da kwalliya ta fara, har da na zinare mai farashin dala 10,000. Wannan bai je ko'ina ba. Abin da ya riƙe masu saye shi ne abin da waya ba ta iyawa: agogo yana manne da fata, yana ƙirga bugun zuciya, da taku, da barci. A 2018 Apple Watch Series 4 ya zo da na'urar auna lafiyar bugun zuciya, kuma idan mutum ya faɗi bai motsa ba, yana iya kiran agaji da kansa. Daga nan dattawan da ke kallonsa a matsayin abin wasan samari suka fara waiwayowa.

Saura kuɗi. Xiaomi ta China ta karya farashi tun 2014 da abin ɗaurawa a hannu mai suna Mi Band, a kan yuan 79 kacal. Irin wannan arahar ce ta kawo agogunan kamfanoni irin su oraimo kasuwannin waya kamar Farm Centre a Kano, inda mai saye, da yake ya san halin wutar lantarki, kan fara tambayar kwana nawa cajin yake yi kafin ya shiga ciniki.