Icce ma na shan ruwa da dare: rawar da damshin ƙasa ke takawa

Da yawanmu mun ɗauka cewa in rana ta faɗi, icce ya daina shan ruwa ke nan sai gobe. To, ba haka ba ne. Itatuwan da muke dasawa, irin su dogon yaro da turare da dakwara, suna ci gaba da jan ruwa daga ƙasa cikin dare. Yawan abin da suke ja kuwa, da inda ruwan ke tafiya, ya danganta ne da damshin ƙasar da suke kai.

Ina ruwan dare ke zuwa?

Wuri biyu ne. Na farko biyan bashi. Ganye na da ƴan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fita. Da tsakar rana yakan fitar da fiye da abin da saiwa ke iya kawowa, sai icce ya ranci ruwan da ke ajiye cikin gindinsa da rassansa. Da dare yake maida rancen.

Na biyu, ƙofofin ba su rufewa ruf, ruwa na ci gaba da sulalewa yana bin iska. A yawancin tsirran da aka auna, abin da ganye ke fitarwa da dare yakan kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na abin da yake fitarwa da rana, wani lokaci har kashi 30.

Masana na auna wannan da allurai biyu da ake cakawa jikin icce, ɗaya bisa ɗaya. Ana ɗumama ta sama, ruwan da ke hawa yana sanyaya ta, bambancin zafinsu shi ke nuna saurin ruwan. Wani masani ɗan Faransa, André Granier, ya fito da dabarar a 1985.

In ƙasa na da damshi

Saiwa na samun ruwa ba wahala, icce ya biya bashinsa tun farkon dare. Abin da ya ja bayan nan, yawanci iska ce ke kwashewa. Cikin damana asarar ba ta da yawa, don iskar dare na da laima. Inda take yawa shi ne in ƙasa na jiƙe iska kuma busassa: bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba da Nuwamba, ko a fadama da garka lokacin hunturu. Icce mai saiwa cikin ruwan ƙasa, kamar turare a bakin gulbi, ba abin da ke tilasta masa tsimi.

In ƙasa ta bushe

Nan labari ya sake. Saiwa na aika saƙo zuwa ganye, ƙofofi su ƙara tsukewa, jimillar ruwan da icce ke ja ta ragu. Ɗan abin da ya samu, mafi yawansa biyan bashi yake tafiya, kuma aikin kan kai har asuba. Cikin bazara, Afrilu da Mayu, gari kan waye bashin bai biyu ba. In aka jera kwanaki haka, ganye ya kaɗe, kan reshe ya bushe, ƙaramin dashe ya mutu.

Akwai kuma wani abin mamaki. In saman ƙasa ya bushe amma can ƙarƙashi akwai damshi, wasu itatuwa kan jawo ruwa da doguwar saiwa cikin dare, su zuba kaɗan a ƙasar sama ta ƙananan saiwoyi. A Senegal an tabbatar da haka ga sabara da kalgo, har hatsin da ke kusa da sabara yana amfana. Wannan na cikin ribar sassaben zamani da manomanmu ke yi.

Me wannan ke nufi ga mai dashe?

Dashe ba baƙon abu ba ne a Nijar. An soma gandun da ya kewaye Yamai a 1965, layukan dogon yaro masu tare iska na kwarin Majiya a jihar Tawa kuma a 1975. Duk inda aka dasa, ruwa ne dai magana.

Ku duba ganye da asuba, ba da tsakar rana ba. Yaushin rana ba lallai ƙishirwa ba ne. Amma in gari ya waye ganye na yaushi, icce bai cike giɓinsa ba, ƙasa ta bushe ke nan.

A ba ƙaramin dashe ruwa da marece, a ba shi da yawa ya ratsa ƙasa, ya fi yayyafi kullum. A rufe gindinsa da kara ko busasshen haki. A kan tudu da fako, rabin wata na tare ruwan sama ya shige ƙasa.

Turare kuwa, a nisanta shi da rijiyar garka da fangalin kayan lambu. Inda ruwa ke kusa, yana ja da rana, da dare ma bai bari ba.